Kulle Ɗaya, Sakamako Daban-daban: Abubuwan da Ke Juya Rayuwar Matasa a Lokacin Annoba

Ranar 20 ga Mayun 2025 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, suka amince da wata yarjejeniya kan yadda za a tunkari annoba ta gaba. Labarin ya fama wa iyaye da yawa tsohon miki: wato wani kullen ake shirya mana ke nan? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Yarjejeniyar da kanta ta fayyace cewa ba ta bai wa hukumar ikon tilasta wa kowace ƙasa kulle, ko allurar rigakafi, ko hana tafiye-tafiye ba. Wuƙa da nama suna hannun kowace gwamnati, kamar yadda suke a 2020, lokacin annobar korona.

Sai dai fargabar ba a banza take ba. Duk mai ɗa ko 'ya a sakandare a waccan shekara ya ga abin da kusan wata bakwai na zaman gida ya haifar. Wani yaron ya koma aji kamar hutun ƙarshen zango ya yi. Wani ya koma, amma malamai suka ce ba shi ne wanda suka sani ba. Wata kuma ba ta koma ba sam. Doka ɗaya aka kafa wa mazauna Abuja, daga Maitama har Gwagwa. To me ya raba sakamakon?

## Su wa ake nufi, kuma mece ce walwala?

Kalmar "matashi" tana da faɗi a Hausa. Mai shekara 35 da 'ya'ya uku ma matashi ne idan ana rabon muƙami a jam'iyya. A nan ana magana ne a kan masu tashen balaga, waɗanda WHO ta ware da shekara 10 zuwa 19, musamman 'yan 13 zuwa sama: ɗaliban sakandare da sa'o'insu da ke gareji, ko shagon ɗinki, ko tsangaya.

Walwala kuwa ta wuce a ce yaro ba ya kwance. Ta haɗa da ya ci ya ƙoshi, ya yi barci isasshe, ya tsira daga duka da cin zarafi, ya sami wanda zai yi hira da shi, kuma ya ga gobensa tana da wani fasali. Lafiyar ƙwaƙwalwa ɓangare ce a ciki. Nan ma akwai ruɗani, domin da an ambaci ƙwaƙwalwa sai hankalin mutane ya tafi ga mai yawo a bola. Likitoci suna bambanta ɓacin rai na yau da gobe, wanda kowa ke yi ya wuce, da matsananciyar damuwa, wadda ke ɗaukar aƙalla mako biyu mutum yana cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun rikice. A wajen ɗan shekara 15 takan zo da wata fuska: saurin fushi, ƙulewa a ɗaki, ciwon kai ko ciwon ciki da aka rasa dalilinsa. A gida sunanta taurin kai ko miskilanci, wani lokaci kuma a ce iska ce.

Shekarun suna da nasu rauni tun asali. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai, kuma a daidai wannan lokaci yaro ke fara janye jiki daga iyaye yana neman matsayi a cikin sa'o'insa. WHO ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin a wuce shekara 14. Korona ta iske wannan a ƙasa.

## Yadda kwanakin suka jeru

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya a Legas. Ranar 11 ga Maris WHO ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya, ranar 19 ga watan kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Daren 30 ga Maris dokar kulle da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar ta fara aiki a Abuja. Mako biyar aka yi kafin a fara sassautawa ranar 4 ga Mayu, tare da hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Azumin shekarar ya shigo a cikin kullen, babu tarawihi a jam'i, babu zaman tafsiri.

'Yan ajin ƙarshe sun koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a Afrilu ta koma 17 ga Agusta. Sauran ɗaliban Abuja sai 12 ga Oktoba. Na jami'a kuwa yajin aikin ASUU ya riƙe su daga Maris har 23 ga Disamba.

Kullen manya mako biyar ne. Na ɗalibai ya haura mako 28.

## Cutar ta tsallake jikinsu

A fannin jiki matasa ne suka fi kowa tsira. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta rubuta kimanin mutum 267,000 da suka kamu a ƙasar nan da 3,155 da suka rasu, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne idan aka dubi yawan jama'a, kuma mace-macen da aka yi a Kano a Afrilun 2020 sun nuna alƙaluman ba su kama komai ba. Mafi yawan waɗanda cutar ta kayar dattawa ne da masu ciwon suga ko hawan jini.

Waɗannan dattawa kuwa iyayen wasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa zuwa Mayun 2022 yara miliyan 10.5 a duniya sun rasa uwa, ko uba, ko mai riƙonsu saboda korona. Wani ƙiyasin da ya gabace shi ya nuna biyu cikin uku na marayun 'yan 10 zuwa 17 ne, kuma akasarinsu uba suka rasa. A gidan da maigida kaɗai ke nema, rasuwarsa tana nufin babban ɗa ya ajiye jakar makaranta.

Tsare-tsaren agaji ma sun bi ta gefensu. Abincin da gwamnatin tarayya ta raba wa gidajen ɗalibai a Abuja a watan Mayun 2020 na 'yan firamare aji ɗaya zuwa uku ne. Rigakafin da ya sauka a filin jirgin Abuja ranar 2 ga Maris na 2021 na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Kayan tallafi da sunan magidanta ake rabawa. Ɗan shekara 15 ya yi girma a lissafin yara, ya yi ƙanƙanta a lissafin manya.

## Tukunya da ɗaki

Abu na farko da ke yanke wa matashi hukunci shi ne yadda gidansu ke samun abinci. Binciken wayar tarho da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Bankin Duniya a Afrilu da Mayun 2020 ya nuna kashi 42 cikin 100 na masu aiki kafin annobar sun daina, kuma kashi 79 na gidaje sun ce abin da ke shigo musu ya ragu. Zuwa Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 23 cikin 100.

A kwatanta gidaje biyu irin waɗanda duk mazaunin Abuja ya sani. Na farko a Gwarinpa. Maigidan ma'aikacin gwamnati ne, albashi na shigowa ko an fita ko ba a fita ba. Yarinyar gidan ɗakinsu ɗaya ita da ƙanwarta, akwai janareto, makarantarsu na turo darasi ta WhatsApp. Matsalarta kaɗaici ne da kewar ƙawaye, kuma matsala ce ta gaske.

Na biyu a Gwagwa, gidan haya mai ɗakuna jere da juna, banɗaki ɗaya na kowa da kowa. Maigidan lebura ne a kasuwar katako ta Dei-Dei, ranar da bai fita ba tukunya ba ta hawa murhu. Mutum bakwai a ciki da falo, cikin zafin Afrilu. Rediyo na cewa a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 a ruwa mai gudana, alhali ruwan gidan a jarka ake sayensa wajen mai kura, kuma uwargida ta riga ta kasa shi: na girki, na alwala, na wanke-wanke. Da hantsi babban yaron, ɗan shekara 16, ya zura silifas.

"Ina kuma za ka? Ba ka ji an hana fita ba?"

"Umma, bari in leƙa wajen Oga ko da abin yi."

Ba za ta hana shi ba, don ta san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan fitar ce mafarin rabuwar yara da yawa da makaranta. Yaron da ya tura kura, ko ya shiga jari-bola, ko ya zama yaron shagon POS, ya ɗanɗana kuɗin kansa, gida kuma suka fara jiran abin da zai shigo da shi da yamma, komawarsa aji a Oktoba ta zama asara a lissafin cefane. Fitar ma ba ta rasa haɗari ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar nan a mako biyun farko na aiwatar da kulle, fiye da waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. A ƙarshen Oktoban 2020, da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Bukuru da Gwagwalada da wasu garuruwa, duk wanda ya ga bidiyoyin ya ga yawan samarin da ke cikin taron.

Bayan tukunya sai zaman lafiyar ɗaki. Maigidan da aljihunsa ya bushe kuma ya wuni a gida yakan zama mai kusa da fushi. A da, idan gida ya yi zafi, saurayi yana da majalisa, da filin ƙwallo, da gidan kallo, budurwa tana da islamiyya da gidan ƙawa. Kulle ya toshe su a rana ɗaya. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe suna nuna cewa babbar garkuwar yaro a lokacin musiba ita ce ya kasance yana da babban mutum ko da guda ɗaya da ya amince da shi, mai sauraronsa. Ba lallai uwa ko uba ba: yaya ce, ko kawu, ko malamin hadda, ko ogan gareji. Wannan ne ya sa lissafin bai tsaya kan unguwa kaɗai ba. Akwai ɗakin haya da yara suka fito lafiya saboda akwai hira da dariya a cikinsa, akwai kuma gida mai bene da kowa ya kulle ƙofarsa, ba mai sanin halin da wani ke ciki.

## Makaranta agogo ce

An fi auna rufe makarantu da darussan da aka rasa, amma abin da ya fara rushewa shi ne tsarin wuni. Ɗalibi a Kubwa ko Nyanya ya saba da jeri: asuba, wanka, mota ko tafiyar ƙasa, aji, islamiyya da la'asar, gida da magariba. Wannan jerin ke tsayar masa da lokacin barci da na ci, yake motsa masa jiki, yake haɗa shi da mutane. Likitocin barci sun ce ɗan 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma balaga da kanta tana tura lokacin jin barci zuwa can cikin dare. Da aka cire tashin safe, sai dare ya koma rana. Kamfanonin waya kuma suna sayar da data mafi araha ne daga tsakar dare zuwa asuba, saboda haka yaron da ke da ɗan canji a lokacin yake raye. Rikicewar barci da damuwa suna ciyar da juna.

'Yan ajin ƙarshe sun sha tasu daban. A farkon Yuli Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su shiga WAEC ta shekarar ba. Kafin watan ya ƙare aka sauya shawara, aka ba ɗalibai mako biyu kacal su yi bita bayan wata huɗu a gida. Wanda ya ci gaba da lesin a gida ya shiga ɗakin jarrabawa a shirye. Wanda ya ji maganar farko ya rufe littafi ya shiga da addu'a.

Wani nazari da ya tattaro bincike daga ƙasashe 15, aka wallafa a Janairun 2023, ya gano ɗalibai sun yi asarar kimanin kashi 35 cikin 100 na abin da ake koya a shekarar karatu guda. Giɓin ya fi faɗi a lissafi da kuma wajen 'ya'yan marasa ƙarfi. Galibin ƙasashen da aka duba masu arziki ne, masu wuta da intanet.

## Waya: magani ko cuta?

A nan ra'ayi ya rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu yabon waya suna cewa ita ce igiyar da ta riƙe yara da abokansu da malamansu, ta nan wasu suka koyi ɗinki, girki, haɗa bidiyo, wasu suka ci gaba da hadda ta saƙon murya. Masu sukarta suna nuni da rashin barci, cin mutunci a rukunonin WhatsApp, cacar ƙwallo, hotunan batsa, da manyan da ke farautar 'yan mata ta Facebook. Abin da bincike ya fi karkata a kai shi ne yawan awanni kaɗai ba ya faɗin komai sai an san me ake yi da su: hira da aboki na gaskiya daban, gungura bidiyo har ƙarfe uku na dare daban.

Ga yara masu yawa muhawarar ma ba ta taso ba. Hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban duniya, ba su sami kowane irin karatu daga nesa ba. A gidan da waya ɗaya ce, ta maigida, tana fita tare da shi, idan ta dawo sai an nemi caji, kuma yaya namiji ke fara karɓa. Jihohi da dama sun sa darasi a rediyo da talabijin, amma rediyo ba ya duba aikin gida, ba ya lura da wanda ya ɓace. A Botswana an gwada wata hanya mai sauƙi da 'yan firamare: saƙon tes na lissafi duk mako, sai gajeren kiran waya ga yaro da iyayensa. An ga ci gaba. A Najeriya manhajar karatu ta Learning Passport, ta gwamnatin tarayya da UNICEF, ta fito ne a Maris na 2022, bayan an gama kulle da daɗewa.

## 'Yan mata da almajirai

Idan namiji titi ya ja shi, mace gida ne ya haɗiye ta: raino, girki, wanki, ɗiban ruwa, ko farantin talla. Haɗarinta kuma sau da yawa yana cikin gidan ko a maƙwabta. Rundunar 'yan sanda ta ce ta karɓi ƙarar fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayun 2020, a watan Yuni kuma gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci kan cin zarafin mata. Abin da ke kaiwa caji ofis ɗan kaɗan ne daga abin da ke faruwa, saboda rufin asiri.

Sai batun aure. Uban da ya ga 'yarsa mai shekara 16 tana zaune wata biyar, ba ranar komawa makaranta, ga manemi yana zarya, ga kuɗin makaranta da ba shi da tabbacin samu, lissafinsa a bayyane yake. A ganinsa kare mutuncinta yake yi. A ganin masu fafutukar ilimin mata ƙofa ce ta rufe har abada. UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa annobar ta jefa ƙarin 'yan mata miliyan 10 a duniya cikin haɗarin auren wuri kafin 2030. Afirka ta Yamma ta riga ta ga irin wannan. Lokacin Ebola, Saliyo ta rufe makarantu kusan wata tara, ciki ya yawaita a tsakanin 'yan mata, gwamnati ta hana masu cikin komawa aji, har sai da kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta yanke a Disambar 2019 cewa hanin ya tauye haƙƙinsu.

Almajiri kuwa abincinsa a ƙofar gidajen mutane da kasuwa yake, kuma su aka rufe. A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa, ƙarƙashin Simon Lalong na Filato, suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Gwamnonin sun ce dama ce ta raba yaran da bara a haɗa su da iyayensu. Masu suka sun ce an cusa yara a motoci a daidai lokacin da ake cewa a ba da tazara, kuma gwaji a Kaduna da Jigawa ya nuna da dama daga waɗanda aka mayar suna ɗauke da cutar. Bayan an buɗe hanyoyi da yawansu sun dawo. Dokar kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta ta sami sa hannu a Mayun 2023.

## Shin rufe makarantu kuskure ne?

Masu kare matakin suna cewa a tuna da abin da aka sani a Maris na 2020. Ba rigakafi, ba magani, asibitocin Italiya sun cika sun batse. Abin da aka sani game da mura shi ne yara ne ke yaɗa ta. Ajin makarantar gwamnati a Karu ko Zuba cike yake maƙil, sau da yawa ba famfo, kuma yaran gida suke komawa wajen kakanni. Adamu Adamu ya ce gara ɗalibai su rasa shekara guda da a jefa su cikin haɗari, kuma malamai da yawa, musamman masu shekaru, suna tare da shi. Gaba kura, baya sayaki.

Masu suka ba su cika jayayya da rufewar farko ba. Tsawonta suke ƙalubalanta, da kuma jerin yadda aka buɗe abubuwa. Kasuwanni da ofisoshi sun fara dawowa a Mayu, masallatai da coci-coci a Yuni, tafiya tsakanin jihohi da jiragen cikin gida a Yuli. An yi zaɓen gwamna a Edo ranar 19 ga Satumba, na Ondo ranar 10 ga Oktoba, da gangaminsu da komai, duk kafin ɗalibin aji biyu a Abuja ya ga allo. Masu makarantu masu zaman kansu, waɗanda malamansu suka yi watanni ba albashi, sun matsa a buɗe, ko da yake su ma suna da nasu buƙatar a ciki. Matsayar UNICEF ita ce makaranta ta zama ta ƙarshe a rufewa, ta farko a buɗewa.

Kowane ɓangare yana da ƙasar da yake kafa hujja da ita. Suwidin ta bar 'yan ƙasa da shekara 16 a aji a farkon annobar. Yuganda ta rufe kusan shekara biyu, sai Janairun 2022 ta buɗe. Amma ajin Suwidin ba ajin Zuba ba ne, asibitinsu ma haka. Inda masana suka fi haɗuwa shi ne gajeren rufewa mai ranar komawa illarsa kaɗan ce, kuma illar tana ninkuwa ne idan aka daɗe ba a sa komai a gurbin makarantar ba. Hujjar masu suka a kan tsawon lokaci ta fi nauyi a yau, sai dai da ilimin da ya zo daga baya ake auna ta.

## Yadda za a karanta alƙaluman

Adadin da aka fi ambata shi ne na WHO a Maris na 2022: damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata suka fi jin jiki. Wannan ba ya nufin ɗaya cikin huɗu ya kamu. Yana nufin inda ake da mutum huɗu masu larurar sun zama biyar. Ƙiyasi ne da aka gina galibi kan bayanan ƙasashe masu arziki, inda ma damuwar matasa ta fara hawa tun kafin 2020.

A Arewa akwai ƙarin sarƙaƙiya. Wata biyu da buɗe makarantu, ranar 11 ga Disambar 2020, aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi suka sake rufe makarantun kwana. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yaron da ya bar karatu a 2021, raba rabon korona da na tsadar rayuwa da na tsoron 'yan bindiga a labarinsa abu ne mai wuya. Haka kuma ba kowa ne ya yi asara ba: wanda ake cin zalinsa a makarantar kwana ya huta, wasu sun sauke Alƙur'ani, wasu sun fito da sana'a a hannu.

Ga wanda damuwar ta kama da gaske, hanyar magani ƙunci gare ta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu ƙwarewa kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Mazaunin Abuja yana da Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada, gatan da mutumin ƙauye ba shi da shi. Duk da haka wanda zai fara lura da cewa yarinya ta daina cin abinci, ko yaro ya fara maganar gajiya da rayuwa, uwa ce ko malamin aji, kuma yawanci wajen malamin addu'a ake fara zuwa. Likitoci da dama ba sa adawa da hakan muddin bai hana zuwa asibiti ba.

## Idan aka sake rufe makarantu

Ba sai annoba ta dawo ba. A 2025 yajin aikin malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja ya ajiye yara a gida sama da wata uku. Duk abin da ya rufe aji, waɗanda za su fara zamewa sanannu ne: 'ya'yan masu neman na yau da kullum, 'yan matan da suka kai munzali, 'yan ajin da ke tsakanin ƙaramar sakandare da babba, inda barin karatu ya fi sauƙi, da wanda ya yi sabon maraici.

Abubuwan da 2020 ta nuna suna riƙe yaro ba duka ke cin kuɗi ba: tsayayyen lokacin kwanciya da tashi, wani aiki da aka ɗora masa wanda ake tambayarsa a kai, damar ganin aboki ko da a ƙofar gida ne, da malamin da ke da lambar wayar gidan kuma yake kira. Waɗanda ke cin kuɗi na gwamnati ne: tallafin da ya san akwai ɗan sakandare a gida, ruwa a makarantu, da bin sawun wanda bai dawo ba a makon farko, kafin ya saba da kura ko a sa mata rana.

'Yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da aka sallama gida a Maris na 2020 su ne suka zauna WAEC a 2025. Sakamakon da aka fitar ya ƙirga waɗanda suka iso ɗakin jarrabawa ne kawai.